Na'urar haska kaya ba ta kashe iri: yadda nake aika irin shuka ƙasar waje

Shekarun baya, 'yar ƙanwata da ke aure a Birmingham ta Ingila ta kira ni da wani maraice. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kawu, irin kuɓewar nan da ka aiko fa ko ɗaya bai fito ba, yau mako uku. Maƙwabciyata ta ce na'urar da ake haska kaya a filin jirgi ce take ƙone shi."

Na tambaye ta inda ta shuka. Ta ce a fili, a ɗan lambun da ta kama haya a bayan unguwarsu. Wane wata? Farkon Afirilu. Na ce gobe ta je ta tura yatsa cikin ƙasar, ta faɗa mini abin da ta ji. Washegari ta ce, "Kawu, kamar ruwan randa a tsakiyar hunturu."

Allah ya sa ba ta zuba irin duka ba. Na ce ta ɗebi ragowar ta jiƙa kwana ɗaya, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a leda ta ajiye kusa da hitar ɗaki. Kafin mako ya zagayo ta turo mini hoto, ga fararen saiwoyi sun fasa ɓawo. Irin da aka ce na'ura ta kashe ke nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Na yi shekaru ina aikin malamin gona a ƙauyukan ƙasar Zazzau, yanzu kuma ina da ɗan lambuna a bakin Galma, kuma kusan kowace kaka sai wani ya zo mini da wannan tambaya: ko na'urar haska kaya tana kashe iri? Wani ɗansa ke karatu a Amurka yana marmarin miyar yakuwa, wata kuma 'yarta ce a Jamus take son alayyafo irin na gida. Amsar da nake ba su ita ce na'urar binciken kaya ba ta yi wa busasshen iri komai. Masu kashe shi daban suke, kuma yawancinsu a hannun mai aikawa suke.

Bari mu fara da lissafi, don hankali ya kwanta

Hasken da na'urar ke aiki da shi, shi ne wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wato eksire. Ana auna yawan wanda ya shiga jikin abu da wani ma'auni da ake kira gire. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wadda ke sa ido kan irin waɗannan na'urori a can, ta ce abin da kaya ke samu a wucewa ɗaya bai kan haura kashi ɗaya cikin 100,000 na gire guda ba. Wato sai ƙunshinka ya shiga ya fita sau dubu ɗari kafin ya tara gire ɗaya tak. Sa'o'in da zai yi a cikin jirgin sama ma, hasken sararin samaniya da ke ratsa jirgin zai ba shi kwatankwacin wannan, ko fiye.

To gire nawa ne ke taɓa iri? Wannan ba sai an yi hasashe ba, domin akwai masu haska iri da gangan, sana'arsu ke nan. Tun a 1928 wani masani Ba'amurke mai suna Lewis Stadler ya nuna cewa eksire na sauya halittar sha'ir da masara. Daga nan aka ɗora. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da hukumar abinci ta FAO suna da ɗakin gwaji a Seibersdorf ta ƙasar Ostiriya, inda ƙasashe ke aika iri a haska musu don neman sabon nau'i mai jure fari ko mai saurin nuna. An fitar da nau'o'i sama da 3,000 ta wannan hanya. Busasshen irin shinkafa, dawa, wake ko gyaɗa akan ba shi tsakanin gire 100 zuwa 400, sannan a kai shi gona a shuka, kuma yana fitowa. Ai in bai fito ba aikin nasu ya tashi a banza. Ɗauki mafi ƙanƙanta, gire 100. Ƙunshinka zai bi ta na'urar gidan waya sau miliyan goma kafin ya kai nan.

Akwai sababbin na'urori masu juyawa, 'yan uwan wadda ake sikanin kai da ita a asibiti, waɗanda ake sa manyan akwatuna a ciki. Sun fi tsofaffin ƙarfi nesa ba kusa ba, ninki ɗari ko fiye. Ka ƙara musu ma ka ce ninki dubu: kashi ɗaya cikin ɗari na gire ke nan, sai an wuce sau dubu goma a kai ga wancan 100 ɗin.

Dalilin taurin ran busasshen iri shi ne barci yake yi. Ɓarnar da irin wannan haske ke yi a jikin mai rai, akasarinta ta hanyar ruwan da ke cikin jiki take bi, kuma ta fi kama ƙwayoyin halitta masu rarrabuwa. Busasshen iri ba ruwan kirki a cikinsa, ba kuma abin da ke girma. Shi ya sa ɗanyen abu ya fi shi rauni: a wasu ƙasashe ana haska albasa da dankali da gire 50 zuwa 150 don hana su tsiro a ma'ajiya. Wannan ma tazararsa da na'urar filin jirgi kamar daga nan zuwa Makka ne a ƙafa.

Ina jin tsoron ya samo asali ne daga filim ɗin kyamara. Waɗanda suka yi tafiya a zamanin da ake wanke hoto sun san ana gargaɗin kada a sa filim a babban akwati, domin yakan dusashe. Gaskiya ne. Amma filim an yi shi ne musamman don ya kama haske komai ƙanƙantarsa. Irin kuɓewa ba filim ba ne.

In kana son shaidar da ta fi ta lambuna nauyi, ga ta. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norway akwai rumbun ajiyar irin shuka na duniya, wanda aka buɗe ranar 26 ga Fabrairu, 2008, a cikin dutse, ana riƙe da sanyinsa a digiri 18 ƙasa da sifili. Cikin kayan farko da suka isa akwai akwatuna 21 daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ɗauke da samfuri 7,000 daga ƙasashen Afirka, har da wake da gurjiya. Akwatunan da ake kai wa wannan rumbu sai an bi da su ta na'urar haska kaya ta filin jirgin garin Longyearbyen, don a tabbatar iri ne kawai a ciki. Masu rumbun irin shuke-shuken daji na Kew da ke Wakehurst a Ingila kuwa, da kansu suke ɗaukar hoton eksire na iri don su ga wanda ke da ciki da wanda ƙwaro ya rarake. Mutanen da ke ajiye iri don jikokin jikoki ba za su yi wasa da abin da ke kashe shi ba.

Inda hasken ke kisa da gaske

Maganar maƙwabciyar ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba, domin akwai wuraren da ake haska kaya don a kashe duk mai rai da ke ciki, kuma wannan daban yake da leƙawa. Bayan wasiƙun da aka aika da ƙwayoyin cutar antiraks a Amurka a ƙarshen 2001, waɗanda suka kashe mutum biyar, sai gidan wayar ƙasar ya fara gasa wasiƙun da za su ofisoshin gwamnatin tarayya a birnin Washinton, masu lambar yanki da ke farawa da 202 zuwa 205. Ƙarfin kan kai gire 56,000. Takarda kan fito ta yi rawaya tana ruɓushi, leda ta narke. Iri ba ya tsira daga wannan. Amma in ba wani ofishin gwamnati a Washinton za ka aika wa kuɓewa ba, bai shafe ka ba.

Na biyu shi ne hukumomin tsare iyaka daga cututtukan tsirrai. Ostireliya tana cikin waɗanda suka fi tsanani a nan: karnuka da na'urori na tace saƙonnin da ke shigowa, kuma abin da aka kama ba bisa ƙa'ida ba ana lalata shi, ko a mayar, ko a haska shi da gire 25,000 ko a turara shi da zafi har ya mutu. A nan na'urar bincike ba ta kashe irin ba, tona masa asiri ta yi. Wanda ya kashe shi rashin takarda ne. Zan dawo kan wannan.

Busarwa ita ce rabin aikin

Masana iri suna da wata ƙa'ida ta wani malami mai suna James Harrington: duk kashi ɗaya cikin ɗari na danshi da ka rage a jikin iri, ka ninka tsawon ransa, haka duk digiri biyar na zafi da ka rage. Juya ta baibai ka ga abin da ke faruwa da irin da aka ɓare a watan Agusta, aka ƙulle a leda, ya kwana uku a bayan mota a tasha, ya je ya yi mako a wani sito a Legas. Na taɓa yin wannan kuskuren da irin kabewa. Da aka buɗe a can, furfura ce ta yi masa lulluɓi, sai wari.

Saboda haka ni ba na aika iri da damina. Ina bari sai an yi kaka, iskar hunturu ta sauko, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Lokacin iska a bushe take, ita za ta yi maka aikin kyauta, kuma faɗuwa ta zo daidai da zama, domin masu lambu a Turai da arewacin Amurka a watan Maris da Afirilu suke fara reno a cikin ɗaki.

Ka bar kuɓewar ta ƙosa a jikin uwarta har kwanson ya fara tsagewa. Ka ɓare, ka sheƙe, ka baza a faifai a inuwa mai iska, mako guda ko fiye. Kada ka shanya a kan kwano ko siminti da tsakar rana. Wannan gashi ne. Irin tumatir da gauta da attaruhu sai an wanke santsin jikinsu tas kafin a shanya, in ba haka ba su manne su yi baƙi.

Gane bushewa ba wuya. Wake ko kuɓewa, ka ciza: in ya ce ƙaras ya fashe, ya yi, in haƙori ya nutse, da saura. Irin kabewa ya karye in ka lanƙwasa shi. Akwai kuma gwajin gishiri da muke koya wa manoma a kan masara: ka sami busasshiyar kwalba, ka zuba iri da cokali biyu na gishirin da ka shanya ya bushe sosai, ka rufe ka girgiza, ka ajiye ɗan lokaci ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, danshi ya yi yawa.

Sai ƙwari. Wake kan fito daga gona da ƙwan ƙwaro a jikinsa ko ba ka gani ba, kuma zafin hanya ƙyanƙyashe shi yake yi. Ƙwaro ɗaya mai rai ya ishi jami'i ya ƙone ƙunshin gaba ɗaya. Abin da nake yi, bayan irin ya bushe ƙayau, ina rufe shi a kwalba in sa a firiza kamar mako guda. Da na fitar ba na buɗewa sai kwalbar ta huce ta daina gumi, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan irin. A kula, busasshe kawai ake yi wa haka. Mai danshi ƙanƙara za ta fasa masa ciki. Matsalar wuta kuma kowa ya san ta, ni gidan wani mai sayar da ƙanƙara nake kaiwa.

Kada ka barbaɗa toka, ko garin barkono, ko garin maganin iri mai launi, balle piya-piya. Toka dabarar iyayenmu ce kuma tana aiki a rumbu, amma a teburin jami'in kwastan gari ne da ba a san ko mene ne ba, a cikin ambulan daga Najeriya. Ka san sauran labarin. Game da maganin ƙwari kuwa, kada a manta a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan irin wannan guba a jikinsa.

Ka riƙe shaida

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba gardama. Kafin ka aika, ka ƙirga ƙwaya 20, ka jera a jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ka naɗe kamar tabarma, ka sa a leda ka ajiye wuri mai ɗumi. Kullum ka duba kada ya bushe. Wake da alayyafo kwana uku zuwa biyar sun fasa, kuɓewa da yakuwa kusan mako, attaruhu kuwa sarkin nawa ne, yakan kai mako biyu ko uku. In 16 suka fito cikin 20, kashi 80 cikin ɗari ke nan, aika abinka. In ba su kai rabi ba, kada ka ɓata kuɗin aike. Irin albasa musamman ba ya daɗewa, in ya shekara ya fara sallama. Gyaɗa ma haka, saboda mai.

Sannan ka raba irin gida biyu, rabi ya tafi, rabi ya zauna a kwalba a wurinka. Ran da aka kira ka aka ce bai fito ba, sai ku jiƙa tare, kai a nan su a can, rana ɗaya. Gani ya kori ji.

Ƙunshewa

Ambulan ɗin wasiƙa na yau da kullum ba na'urar bincike ce abokiyar gabarsa ba, injin tantance wasiƙu ne. A manyan gidajen waya na Turai da Amurka wasiƙa tana bi ta tsakanin bel da tayoyi masu matsewa da gudu, dubbai a sa'a guda. Ƙananan iri kamar alayyafo da lalo kan sha, amma zogale da kabewa da wake niƙa suke sha. Na taɓa aika zogale haka, abin da ya isa kamar an daka a turmi.

Kowane nau'i ka ba shi 'yar jakar takarda tasa, ka liƙe bakinta da kyau kada ya zube. Ka tara su a leda mai zif, mai nuna abin da ke ciki, tare da 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko robar magani. Sai ka sa a ambulan mai katifar leda, ko ƙaramin kwali, ka cike gurbin da takarda don kada ya riƙa kaɗawa. Leda tana da amfani ne kawai in irin ya bushe; in da saura, gara takarda zalla.

Wasu na naɗe iri a takardar alminiyon wai ta tare hasken. Ba ta tarewa, ratsa ta yake yi kamar ba ta nan. Rumbunan iri suna amfani da jakar alminiyon, amma don danshi, ba don haske ba. In kuwa ka nemo wani abu mai kauri da ke tarewa da gaske, kamar dalma, to a allon jami'i zai fito baƙi ƙirin, kuma duk abin da ba su iya gani ba farke shi suke yi. A allon nan abin da ya fito daga tsiro ko dabba ruwan lemo yake nunawa, ƙarfe kuma shuɗi, kuma sun san kamannin iri sarai. Rubuta "kada a haska" a bayan ambulan ma ɓata tawada ne.

A jikin kowace jaka ka rubuta sunan kimiyya, domin jami'in da ke Landan bai san yakuwa ba. Kuɓewa Abelmoschus esculentus ce, yakuwa Hibiscus sabdariffa, rama Hibiscus cannabinus, zogale Moringa oleifera, lalo Corchorus olitorius, gauta Solanum aethiopicum, wake Vigna unguiculata, riɗi Sesamum indicum, kuka Adansonia digitata. Ka ƙara ƙasar da aka noma da sunanka. A 'yar takardar kwastan da gidan waya ke liƙawa, CN22, ka rubuta gaskiya: irin shuka. Kada ka ce kayan yaji ne ko tsaraba. Wanda za a tuhuma ba kai ba ne, ɗan uwanka ne da ke zaune a ƙasar mutane da takardar zama a hannu.

Takarda, inda gizo ke saƙa

Lokacin da na aika waccan kuɓewar ban san komai game da wannan ba, kuma dokokin ba su kai na yanzu tsauri ba. Tun 14 ga Disamba, 2019, duk irin shuka da zai shiga Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda masu fitar da kaya ke kira fayito, komai ƙanƙantar ƙunshin. Birtaniya ma tana neman ta. A 2020 kuma aka yi ta samun ƙunshin iri daga Sin a akwatunan wasiƙun mutanen Amurka da Birtaniya da Kanada ba tare da sun yi oda ba, abin da ya sa aka ƙara sa ido, har Amazon ya hana 'yan kasuwar waje sayar da iri zuwa Amurka.

A Najeriya hukumar duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita, NAQS, ce ke ba da fayito, tana da ofisoshi a filayen jirgin sama na Kano da Abuja da Legas da kan iyakoki. A Nijar hukumar kare tsirrai ta DGPV ce, a Gana kuma PPRSD. Za ka kai irin su duba, ka biya kuɗin aiki, su ba ka takardar. Wa'adinta gajere ne, yawanci mako biyu tsakanin bayarwa da tashin kaya, don haka kada ka karɓa ka ajiye. Kuma tsarin aikin daga can yake farawa: mai karɓa ya fara tambayar hukumar ƙasarsa ko an yarda da wannan nau'in daga ƙasarka, da sharuɗɗan da za a rubuta a takardar. In ka fara karɓar fayito kafin wannan, kana iya biyan kuɗi sau biyu.

Amurka na da wata ƙofa mai sauƙi ga masu ɗan lambu, izinin shigo da iri kaɗan. Mai karɓa ne ke nema a wurin hukumar APHIS ta ma'aikatar gona, ta intanet, da fom mai lamba PPQ 587, kuma kyauta ne. Da shi ba a bukatar fayito. Sharaɗin shi ne kowace jaka kada ta wuce ƙwaya 50 ko giram 10, jakunkuna kada su wuce 50 a aike ɗaya, ba ƙasa, ba ƙaiƙayi, ba kwanso, ba maganin ƙwari, da jerin sunaye a rubuce sarai. Za a ba shi wata alama mai kore da rawaya ya turo maka ka liƙa, ƙunshin ya fara zuwa tashar duba tsirrai, irin na New York ko Miami ko Atlanta, daga nan a tura masa.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin abubuwan da mutanenmu suka fi marmari su ne ƙofar ba ta ɗauka kai tsaye. Irin kuɓewa da dangin yakuwa da rama doka ta ce sai an yi musu turaren magani saboda jar tsutsar auduga. Tumatir da barkono da attaruhu an ɗora musu ƙarin sharuɗɗa tun 2019 saboda cututtukan da ke bin iri. Gero da dawa da masara da shinkafa kuwa dokarsu daban ce, mai tsauri. Ni ban ga laifinsu ba. Duk manomin da ƙuduji ya taɓa cinye wa gona ya san irinsa kamar ƙura yake, yana kuma iya shekara goma ko fiye a ƙasa yana jira. An gano wani nau'insa a gonakin masarar jihohin Karolina na Amurka a 1956, aka shafe shekaru gommai ana yaƙi da shi. Mu ma mun ɗanɗana baƙon ƙwaro a 2016, lokacin da sharon ya share tumatir a Kano da Kaduna. Don haka in kai ne ake aiko wa daga waje, ka nemi izinin shigowa daga NAQS, doka ta hau kanka kamar yadda ta hau kansu.

Saboda duk wannan, shawarar da nake fara bayarwa takan ba mutane haushi: a duba ko ana sayar da irin a can. Kuɓewar nan Clemson Spineless da ke shagunan iri a Kano, asalinta 'yar Amurka ce. A Ingila, alayyafo shi ne kalalun mutanen Jamaika, lalo shi ne mulukiyar Misirawa da Sudaniyawa, zoɓo karkade ne, kuɓewa bamiya ce ga Larabawa, bindi ga Indiyawa. Wahalar takarda ta cancanci abin da babu shi a kasuwa ne kawai, kamar wata doguwar kuɓewar damina da na gada a gidanmu, wadda yauƙinta ban ga na biyunsa ba.

Akwai kuma waɗanda ba su jure tafiya ko da takarda. Goro, namijin goro, ƙwallon mangwaro, piya, koko, kaɗanya: waɗannan in suka bushe sun mutu, in suka sha sanyin firij sun mutu. Darbejiya ma 'yan makonni ne ranta. Duk abin da na faɗa game da busarwa da firiza bai shafe su ba, kuma ni ba na aika su.

In ya isa

Mai karɓa ya buɗe nan take, ya duba, ya jiƙa ƙwaya goma a tsumma kafin ya kai ƙasa. Kuɓewa da yakuwa da zogale suna son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30. In ƙasar ta yi sanyi sosai, zama kawai za su yi har su ruɓe. A Ingila ko Jamus ko Kanada a rene su a tukwane cikin ɗaki, a fitar bayan sanyi ya wuce, kuɓewa ma gara ta zauna a rumfar leda. Lalo ɓawonsa tauri gare shi: a ƙulle a ƙyalle, a tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta kamar daƙiƙa goma, a shanya, a shuka. Kuka sai an goga mata fayil ɗin goge ƙarfe ko an karce ta da wuƙa.

In bai fito ba, a tono a duba, gawar takan faɗi abin da ya kashe ta. Wanda ya yi laushi yana wari, sanyi da yawan ban ruwa ne, ko dama matacce aka aika. Wanda ke nan da taurinsa kamar tsakuwa, ruwa ne bai shiga ba, yana da rai. Mai huda, ƙwaro. Mai tsagewa, injin wasiƙa. Irin da haske ya yi wa illa a ɗakin gwaji kuwa alamarsa daban ce: sau da yawa yakan fasa ya fitar da saiwa, sai ya tsaya cak ya ƙi girma, ko ya fito a tsumbure. Ban taɓa ganin wannan a irin da ya bi gidan waya ba.

Kuɓewar 'yar ƙanwata ta yi 'ya'ya a shekarar, ba yawa, ta dai yi miya biyu. Yakuwar ce ta ba ta mamaki: ganye ya yi ganye har tana rabawa, amma zoɓo ko ɗaya. Ta sake kira, "Kawu, wannan kam na'urar ce." Na ce a'a. Yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta, kamar yadda take yi mana a ƙarshen damina, kuma a Birmingham rana kan kai ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba a watan Yuni. Kafin yini ya gajarta yadda take so, sanyin Oktoba ya riga ya iso. Na ce ta ci ganyenta, zoɓon kuwa ta saya a shagon Sudaniyawa.